Ɗaukar Hoto na Dijital a Zangunan Accra: Nima da Maamobi

Ɗaukar hoto na dijital shi ne kama sura da kyamarar da ke mayar da haske bayanan lantarki, a adana su a kati ko a waya, babu fim babu ruwan wanki. A zangunan Accra, babban birnin Ghana wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, abin ya fara shigowa a shekarun 2000 ta hannun masu sutudiyo da 'yan uwa mazauna Turai da Amurka, ya kuma game gari bayan wayoyi masu kyamara sun yi araha. A Nima da Maamobi da wuya a raba sha'awa da sana'a a wannan fanni. Saurayin da ya fara ɗaukar abokansa don nishaɗi, kafin a jima an kira shi suna ko ɗaurin aure, kuma abin da ya samu a can shi ke saya masa kyamara ta gaba.

Unguwannin

Zango a asali masauƙin ayari ne. A Ghana kalmar ta koma sunan unguwannin da baƙi daga arewa suka kafa, galibinsu Musulmi. Malam Bako, wanda mahaifinsa ya fito daga ƙasar Hausa, shi ya kafa Sabon Zango na Accra a farkon ƙarni na 20. Nima ta biyo baya: a 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami filin daga gidan Odoi Kwao na Osu, unguwar kuma ta cika da jama'a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masu neman aiki suka yi ta kwararowa kusa da sansanonin soja. Maamobi na jikinta, babbar magudanar ruwa ce ta raba su. A yau Nima na cikin Ayawaso ta Gabas, Maamobi na Ayawaso ta Arewa. Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Mosi da Dagomba da Wangara da Yarbawa duk suna zaune a ciki, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da na lungu.

Wannan tarihi na ƙaura shi ya ba hoto daraja a Zango tun da wuri. Wanda ya baro gida yana bukatar shaidar da zai aika cewa yana nan lafiya, ya yi aure, ya sami ƙaruwa, ya sauke farali. Da can hoton na tafiya arewa cikin ambulan a hannun direba. Yanzu 'ya'yan Zango ne suka bazu a Bronx ta birnin New York, da Hamburg, da garuruwan Italiya da ƙasashen Larabawa, suna jiran hoton bikin da suka aiko da kuɗinsa ya iso musu ta WhatsApp kafin a watse.

Kafin dijital

Accra na cikin biranen Afirka ta Yamma da suka daɗe da sanin kyamara. Gidan Lutterodt sun yi sana'ar tun shekarun 1870. J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe sutudiyon Deo Gratias a Jamestown a 1922, har yau kuma yana hannun zuriyarsa. James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya yi wa jaridar Daily Graphic da mujallar Drum aiki, ya kafa sutudiyon Ever Young, ya tafi Ingila a 1959, ya dawo wajen 1970 ya kafa ɗakin wanke hoto mai launi na farko a ƙasar da kayan kamfanin Agfa. Felicia Abban, mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Ghana, ta koya ne a hannun mahaifinta a Sekondi, ta yi wa Kwame Nkrumah aiki, ta rasu a Janairun 2024.

Manyan sutudiyon nan na bakin teku ne, cikin ƙabilar Ga. Abin da Zango ta fi sani shi ne ƙaramin shago mai labule a bango, da mai hoton da ke yawo da kyamara a wuya daga wannan biki zuwa wancan. Bayan injinan wanke hoto mai launi sun yawaita a shekarun 1980 da 1990, aikinsa ya zama tsere da lokaci: ya cika fim mai ɗaukar hoto 36, ya garzaya wurin wanki, ya dawo ya baje hotunan kafin 'yan biki su tashi, kowa ya nemi fuskarsa ya biya. Wanda ya tafi bai karɓa ba, asarar ta mai hoto ce. Kowane latsi kuɗi ne, shi ya sa masu hoton wancan zamani ba sa latsawa sai sun gyara wa mutum tsayuwa, sun daidaita hula, sun duba inda rana take. Tarbiyya ce da tsadar fim ta tilasta, kuma tana cikin abin da aka yi hasara da zuwan katin da ke cin hoto dubbai.

Shigowar sabuwar kyamara

Injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3.6, tana kuma ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. Nikon D1 ta 1999 ta yaɗa dijital a ɗakunan jarida, sannan Canon EOS 300D ta 2003 ta sauko da farashin kyamara mai canza ido ƙasa da dala 1,000. Kodak ɗin da ya ƙirƙiro abin ya shelanta karyewar jari a 2012.

A Zango ƙananan kyamarorin aljihu ne suka fara bayyana, irin na Sony da Canon da Samsung, yawanci tsaraba daga waje. Ba su daɗe ba waya ta ture su. Wayoyin Tecno da Infinix da Itel, dukkansu na kamfanin Transsion na Sin, sun samu karɓuwa saboda araha, kamfanin kuma ya gyara kyamarorinsa don su fito da fuskar baƙar fata, matsalar da fina-finan hoto na da suka daɗe suna fama da ita domin da farar fata aka auna su. Ta wani gefen, fasfo mai ɗaukar bayanan jiki da katin ɗan ƙasa na Ghana Card, waɗanda ake ɗaukar hotonsu a ofis, sun rage wa ƙananan shaguna cinikin hoton fasfo da suka dogara da shi. Sana'ar ta karkata ga biki.

Biki kuwa ba ya yankewa. Akwai suna da ɗaurin aure da walimar saukar Alƙur'ani, da tarbar alhazai, da Maulidi, da naɗin sarauta. Ranar Salla ana yin idi a dandalin Black Star, sarakunan Zango su fito da tawagarsu, babban titin Nima ya cika maƙil da matasa cikin sabon ɗinki, inda mawaƙan VIP, 'yan unguwar, suka shahara da shirya wasan Salla. Duk mai sabuwar kyamara a nan yake gwada ta.

Daga waya zuwa babbar kyamara

Hanyar da masu sha'awa suka fi bi tana da matakai, ko da yake ba kowa ke taka su duka ba. Ana farawa da waya. A nan ake koyon tsara abin da zai shiga hoto da abin da za a bari waje, da jiran lokacin da ya dace. Bai kamata a raina wannan mataki ba: Prince Gyasi, ɗan Accra da aka haifa a 1995, da iPhone ya yi suna, shi ne kuma ya ɗauki kalandar Pirelli ta 2024. Iyakar waya tana bayyana ne da dare, ko cikin ɗaki mai ƙarancin haske, ko idan abin ɗauka na nesa ko yana gudu.

Daga nan sai kyamara mai madubi a ciki, wadda ake kira DSLR, kusan kullum ta hannu. Irin su Canon 600D ta 2011 mai megafiksel 18, da Nikon D3200 ta 2012 mai megafiksel 24, sun yi wa masu koyo da yawa hidima. Ana samun su a shagunan kayan lantarki na Kwame Nkrumah Circle da tsakiyar gari, ko a kasuwar intanet irin ta Jiji, ko a roƙi ɗan uwa ya riƙo daga waje. Mai saye da ya san hannunsa yakan duba adadin latsin da kyamarar ta yi, domin marfin hasken ƙananan kyamarori an ƙera shi ne ya jure latsi wajen 100,000. Yakan haska tocila cikin idon kyamarar ya ga ko akwai tsiron danshi, ya ɗauki farin bango ya ga ko ƙura ta zauna a faifan da ke karɓar haske, wato sensa.

A wannan gaɓa ake yawan kuskure. Mai koyo ya ga hotonsa bai yi kyau ba, sai ya ɗora wa jikin kyamara laifi, ya fara tara kuɗin wata mai megafiksel da yawa. Alhali hoton albam na inci 4 da 6 bai bukaci fiye da megafiksel 2 da 'yan kai ba, WhatsApp da Facebook kuma suna matse duk hoton da aka ɗora. Abin da ke canza aiki a fili shi ne idon kyamara, wanda masu sana'a ke kira lens. Idon da ake sayar da ƙananan kyamarori da shi, mai milimita 18 zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6 idan an miƙe shi. Ido mai milimita 50 da ƙofar f/1.8, wanda ke cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma, yana kuma dushe bayan mutum fuskarsa ta fito ita kaɗai. A lungun da ba a rasa igiyar shanya da kwata da bangon da fentinsa ya kwaile, wannan dushewar ita ce abin da amarya ke biya. Bayan ido sai filasha mai juya kai, wadda ake harba haskenta ga rufi ya dawo a tausashe. Wanda ya sayi waɗannan biyun ya fi wanda ya canza jikin kyamara sau biyu cin riba.

Mataki na gaba shi ne kyamara mai babban sensa, milimita 36 da 24, girman fim ɗin da. Girman filinsa ya ninka na ƙananan Canon fiye da sau biyu da rabi, don haka ya fi jure duhu. Canon 5D ta 2005 ta sauƙaƙa wannan hanya, 5D Mark II ta 2008 ta ƙara bidiyo mai kyau, abin da ya haɗe mai hoto da mai bidiyo ya zama mutum ɗaya a bukukuwa da yawa. Sai kuma marasa madubi: Panasonic ya fara a 2008, Sony A7 ta fito a 2013, Canon da Nikon suka shigo da nasu masu babban sensa a 2018. Ba su da nauyi, suna bin ƙwayar idon mutum da kansu, suna nuna yadda hoton zai fito tun kafin a latsa, amma suna shan batir. Komawar manyan kamfanoni gare su ta karya farashin tsofaffin DSLR, hakan kuwa alheri ne ga mai koyo a Maamobi. Wani abin lura shi ne idanun kowane kamfani na jikin kyamararsa ne. Wanda ya tara idanun Canon, komawa Sony na nufin sake sabon lale, ko neman mahaɗi. Shi ya sa abokai sukan bi kamfani ɗaya, don su riƙa aron ido da batir a tsakaninsu ranar aiki.

Kyamara ba ta gama tafiyarta a hannun mutum ɗaya. Babba ya sayar wa yaronsa tsohuwar a biya kaɗan-kaɗan, yaron ya miƙa wa ƙanensa bayan shekaru. Mai aikin da ya fi ƙarfin kayansa yakan yi hayar kyamara ko ido na yini.

Koyo da matsalar haske

Tsohuwar hanyar koyo ita ce zama ƙarƙashin maigida: riƙon jaka, riƙon fitila, sannan a ba ka kyamara ta biyu ka ɗauki 'yan rakiya. YouTube ya zo ya zama malami na biyu, sai dai yawancin darussansa da Turanci ne, an kuma shirya su ne don haske da launin fatar wasu ƙasashe. Masu son karatu na aji suna da makarantar fim da talabijin da aka fi sani da NAFTI, wadda aka kafa a 1978, da cibiyar Dikan da Paul Ninson ya buɗe a Accra a Disambar 2022 da littattafan hoto sama da 30,000.

Ginshiƙan aikin uku ne: faɗin ƙofar haske, da saurin marfi, da ƙarfin jin haske na sensa da ake aunawa da ISO. Kowanne aka taɓa sai an rama a ɗaya daga cikin sauran biyun. Wannan ko'ina haka yake. Abin da ya keɓanta da Zango shi ne irin hasken da ake fama da shi. Accra na kusa da tsakiyar duniya, ranar tsaka tana faɗowa daga bisa kai, ta bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, lallausan hasken bayan la'asar kuma ba ya daɗewa. A lungu, rabin hanya rana ce mai ƙuna, rabi inuwar kwano. Rumfunan haya masu launi suna zuba ja ko shuɗi a fuskar waɗanda ke zaune ƙarƙashinsu.

Babbar jarrabawa ita ce farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki, don haka idan ango ya cika hoto da farar babbar riga, kyamarar takan rage haske, rigar ta yi toka-toka, fuskar ta nutse. Idan aka ƙara haske don fuska, aikin zaren rigar ya ƙone ya ɓace. Maganin shi ne a kai mutum inuwa mai buɗewa, a auna daga fuska, a cika da ɗan hasken filasha ko farin allo, a kuma ɗauka a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanan da za a iya farfaɗowa a kwamfuta. Duk wanda ya iya fito da baƙar fuska da farar shadda tare a hoto ɗaya ya wuce matsayin ɗan koyo.

Gyara a Lightroom ko Photoshop ya zama rabin aikin, kuma a nan akwai abin takaici. Wasu masu biki suna neman a haskaka musu fata har ta tashi daga launinta, wasu masu hoto kuma suna yi ko ba a nema ba. Hoton aure shaida ce da jikoki za su gani, bai dace a ba su fuskar da ba ta kakarsu ba.

Yanayi da aljihu

Iskar teku mai gishiri da danshin damina suna tsirar da fumfuna cikin gilashin ido, hunturun Disamba zuwa Fabrairu kuma yana cusa ƙura duk lokacin da aka buɗe kyamara don canza ido. Akwati mai rufuwa ruf da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse danshi suna tsawaita ran kaya. A shekarun yankewar wuta da 'yan Ghana suka yi wa laƙabi da dumso, musamman 2014 zuwa 2016, batir na biyu da na uku sun zama dole. Kayan hoto duk na waje ne, da dala ake auna su, saboda haka faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba, ta dakatar da shirin canza kyamara na mutane da dama.

Izini da mutunci

Malamai sun yi saɓani kan hoto. Gidajen 'yan Tijjaniyya da shagunansu ba sa rasa hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ko na Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu. Wasu kuma, musamman cikin Ahlus Sunna, suna ƙyamar rataya hoto, suna taƙaita shi ga larura. Mai hoto nagari yakan san gidan da ya shiga. A ɓangaren mata na biki, inda ake ƙunshi da kwalliya da rawa, gidaje da yawa sun fi natsuwa da mace mai kyamara, hakan kuma ya buɗe wa 'yan mata ƙofar sana'ar. Ɗora hoton matar aure a Instagram don tallar aiki ba tare da yardarta ba na iya jawo rigima mai tsanani. A doka, Ghana na da dokar haƙƙin mallaka ta 2005 da dokar kare bayanan mutane ta 2012, ƙananan jirage masu kyamara kuma sai an yi musu rajista a hukumar sufurin jiragen sama.

Mutanen Nima suna da dalilin yin taka-tsantsan da kyamara. Shekaru da yawa baƙo ne ke zuwa ya ɗauki kwata da bola ya tafi, jarida ta buga ƙarƙashin labarin talauci ko laifi. Ƙazantar ba ƙarya ba ce, amma ba ita kaɗai ce Nima ba. Ɗan unguwa yana da abin da baƙo ba ya da shi: an san uwarsa, an san gidansu, ana barinsa ya zauna. Shi ke iya ɗaukar mai koko da ƙosai da asuba, da kasuwar ranar Laraba, da 'yan makarantar allo, da majalisar shayin matasa, da hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a Yulin 2021. Masu zane sun riga sun nuna hanya: ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art ta yi wa bangayen unguwar ado, hoton ɗan ƙwallo Mohammed Kudus da Moh Awudu ya zana a bango kuma ya zagaya duniya lokacin Gasar Kofin Duniya ta 2022, ta hanyar hotunan da aka ɗauke shi.

Adana hotuna

Raunin dijital mafi girma shi ne saurin ɓata. Albam ɗin shekarun 1970 yana nan a akwatin tsohuwa ko da ya koɗe, amma hoton sunan da aka yi shekaru goma da suka wuce sau da yawa ya tafi tare da wayar da aka sace, ko katin da aka goge don aikin gobe, ko kwamfutar da ta mutu. Abin da ya rage a Facebook matsattsen kwafi ne. Darajar Deo Gratias da ta James Barnor, wanda aka baje kolin aikinsa a Serpentine ta Landan a 2021, ta tsaya ne kan nagetif ɗin da suka adana shekara da shekaru. Ƙa'idar da masu sana'a suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam, tare da rubuta rana da sunayen mutane. Masu hoton Nima da Maamobi da ke tara kuɗin sabuwar kyamara ya kamata su fara cire na ma'ajin ajiya na biyu, su kuma riƙa wanke zaɓaɓɓun hotunan kowane biki a takarda suna miƙa wa masu shi.